Isar da Saƙo ga Kowa: Daga Ribaɗin Ambursa zuwa Na'urorin Zamani

Abin da nake so mu duba a yau tsohuwar matsala ce da ta yi sabuwar riga, watau yadda za a isar da magana ɗaya ga jama'a masu yawa da ke warwatse, ba tare da an ɓata lokaci ko an gajiyar da masu kai ta ba.

Bari mu fara daga gida. A shekarar 1812 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya raba kula da ƙasa, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas, ya ba ƙanensa Malam Abdullahi yamma. Daga nan ne Gwandu ta zama cibiyar da Nupe da Ilori da Yawuri da Liptako suke duba. Tsarin saƙo a wannan daula tamkar itace yake. Takarda ta fito daga fada da hatimi, manzo ya kai wa sarki, sarki ya sanar da hakimai, su kuma su sanar da dagatai, sa'an nan mai shela ya tsaya a kasuwa. Kowa ya ji sau ɗaya, daga bakin wanda ya kamata. Babu ɓarna a cikinsa ko kaɗan.

To amma itace yana da aibi guda: in an sare reshe, duk ganyen da ke kansa sun bushe. A shekarar 1849 Yakubu Nabame ya ta da Kabawa daga Argungu, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya. Bature Barth, wanda ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya iske hanyar yamma zuwa Sayi cike da haɗari. Bayan da aka kashe Sarki Haliru a fagen fama a 1860, magajinsa Aliyu ya mai da zamansa nan Ambursa, daura da Kabawa. Masu tarihi sukan ce tsaro ne ya kawo shi, kuma gaskiya ne. Ni dai a ganina akwai ƙarin dalili: sarkin da labari ke isowa wurinsa bayan mahara sun riga sun koma gida, ba mulki yake yi ba. Sai ya matso inda labarin yake.

Labari kuwa bai tsaya ba don an tare manzo. Fatake da masunta da 'yan cin kasuwa suna ɗauke da shi, wannan ya gaya wa wancan. Ba shi da hatimi, yakan kuma gurɓata, amma ba a iya sare shi.

Yanzu ku dubi na'urorin da ke magana da junansu ta iska, kamar mitar wuta da fitilun titi da ƙananan ma'aunai da ake dasawa a gona. Kowace muryarta gajera ce, sai maƙwabtanta ke jin ta, batirinta kuma ƙarami. Dabara mafi sauƙi ita ce duk wadda ta ji saƙo ta maimaita. Sai dai in ɗari suka yi magana a lokaci guda, babu mai jin kowa. Masana a 1999 suka kira wannan guguwar shela. An gwada itace, domin tun 1985 Radia Perlman ta tsara yadda na'urori za su zaɓi shugaba su fitar da rassa da kansu, amma ciwon Gwandu yana nan: in ta tsakiya ta mutu, sai an sake shiri kafin na bayanta su ji. A 1987 kuma masana a kamfanin Xerox a Amurka suka koma ga hanyar fatake, kowace na'ura ta zaɓi wata ta tsegunta mata.

Wadda ta fi burge ni ita ce dabarar Trickle ta Philip Levis da abokansa, ta shekarar 2004. Kowace na'ura takan ɗan saurara kafin ta buɗe baki. In ta ji maƙwabta sun riga sun faɗi abin da ta sani, sai ta yi shiru, ta kuma ninka tsawon jiranta. In kuwa ta ji wata tana riƙe da tsohon labari, nan take sai ta gajarta jira ta gyara mata. Ta haka, in lafiya ake zaune kusan ba a jin motsi, batiri ya daɗe, ranar da sabon umarni ya zo kuma ya ratsa taron cikin hanzari. A shekarar 2011 aka shigar da ita cikin ƙa'idojin intanet.