Allura da Waya: Tarihin Wata Gardama Tsakanin Likitocin Ƙwaƙwalwa

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Ko dai jijiya ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa, ko kuwa gudan jini ya toshe ta, sashen da take shayarwa ya fara mutuwa. Na biyun ya fi yawa, kuma har zuwa ƙarshen ƙarni na ashirin likita ba shi da abin yi a kansa illa jinya da jira.

An fara gwada maganin streptokinase, wanda ya yi amfani a toshewar jijiyar zuciya, amma zubar jini a ƙwaƙwalwa ta sa aka dakatar da gwaje-gwajensa. Sai a Disambar 1995 wani bincike na Amurka, NINDS, ya nuna cewa allurar alteplase tana narkar da gudan, majinyaci ya fi samun sauƙi, muddin an yi ta cikin awa 3. Ba a kyauta ba: kusan kashi 6 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa sun zubar da jini a ƙwaƙwalwa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1996, sannan binciken ECASS III na Turai ya tsawaita wa'adin zuwa awa huɗu da rabi a 2008.

Sai dai allura tana da iyaka. A 2011 likitocin birnin Kiel na Jamus suka nuna cewa gudan da ya haura milimita 8 da wuya ta narkar da shi, alhali irinsa ne ke toshe manyan jijiyoyi, ya bar mutum kwance ba magana. Abin da ya rage shi ne a je a ciro shi. Ana zura siririn bututu ta jijiyar saman cinya, a bi da shi har cikin kai. Na'urar farko, MERCI, wadda aka amince da ita a 2004, waya ce mai murɗaɗɗen baki, kuma sau da yawa gudan kan kufce mata. A 2012 aka amince da Solitaire da Trevo, ragar waya da ke buɗewa cikin gudan ta riƙe shi a janyo.

Shekarar 2013 ta zo wa masu wannan aiki da baƙin labari. Bincike uku, mafi girmansu IMS III, suka ce ciro gudan bai ɗara allura kaɗai ba. Daga baya aka gane inda gizo ke saƙar: yawanci tsofaffin na'urori aka yi aiki da su, kuma majinyata da dama ba a ɗauki hoton jijiyoyinsu an tabbatar akwai babban gudan ba.

Mutanen Holand ne suka ceci lamarin, kuma a ganina dabarar gwamnatinsu ta cancanci yabo daidai da ta likitocin. An ƙa'ide cewa inshorar lafiya ba za ta biya kuɗin aikin ba sai ga wanda ya shiga bincike. Haka MR CLEAN ya tara mutum 500 a asibitoci 16. Da aka bayyana sakamakon a Istanbul a Oktoban 2014, kusan kashi 33 cikin ɗari na waɗanda aka ciro wa gudan sun koma dogaro da kansu, ɗaya ɓangaren kuwa kashi 19. A 2015 wasu huɗu suka biyo baya da irin wannan labari.

Abin lura shi ne mafi yawan waɗannan majinyata an riga an yi musu allura kafin a zura waya. Nan tambaya ta juya. Da can ana cewa: me waya ta ƙara wa allura? Yanzu kuma: me allura take ƙara wa waya? Masu son a bar ta suka ce tana da tsada, tana jawo zubar jini, tana iya farfasa gudan ya tarwatse zuwa inda waya ba ta kaiwa. Masu kare ta suka ce tana tausasa shi, tana wanke ɓarɓashin da ya saura, wani lokaci ma ta buɗe hanya kafin a kai ga ɗakin aiki.

Binciken DIRECT-MT na ƙasar Sin, mai mutum 656, ya ce a 2020 waya kaɗai ba ta gaza ba. MR CLEAN-NO IV da SWIFT DIRECT ba su iya tabbatar da haka ba. Da aka haɗa bincike shida a 2023, mutum sama da 2,300, bambancin ya fito ƙanƙani, amma bai ba da hujjar jefar da allura ba. Nazarin da aka sake yi wa alƙaluman a 2024 ya nuna amfaninta ya fi bayyana idan an yi ta cikin kimanin awa biyu da minti ashirin.

Duk shidan an yi su ne kan waɗanda suka isa kai tsaye babban asibiti mai ƙwararrun waya. Wanda ya faɗi a garin da sai an yi tafiyar awanni da shi, ba wanda ya yi gardama a kansa: a ɗauki hoton kansa, a yi masa allura, a saka shi a mota. Maganin ma yana sauyawa. Tenecteplase, da ake turawa sau ɗaya maimakon ƙarin ruwan awa guda, ya buɗe jijiya kafin zuwan waya ga kashi 22 cikin ɗari a wani binciken Ostiraliya da New Zealand na 2018, alteplase kuwa kashi 10.