Quickshifter

Quickshifter ƙaramar na'ura ce da ake ɗaura wa sandar giyar babur domin a ƙara giya ba tare da kama kuloci ko sakin totur ba. Da zarar ƙafa ta taɓa giya, na'urar kan ɗauke wutar fulogi na ɗan ƙiftawar ido, sai giya ta shiga. Daga baburan tsere ta samo asali, kuma ta fi aiki idan inji ya ɗau gudu. Idan saitinta bai yi daidai ba, haƙoran giya kan cinye.

Amfaninta kaɗan ne a lungunan cikin birnin Kano, inda ba a gudu. Baburan roba-roba da suka yawaita can kuwa dama ba su da hannun kuloci, tsarin da Honda Super Cub ya yaɗa tun 1958.