Aksolotil: Dabbar ruwan da zafi ke kashewa, da yadda ake sanyaya mata mazauni

Aksolotil wata ƙaramar dabbar ruwa ce ’yar asalin ƙasar Meziko, wadda ta shiga sahun dabbobin da ake kiwo a gida don sha’awa, musamman a Amurka da Turai da Japan. Ana ajiye ta a tankin gilashi kamar kifin ado, amma danginta su ne kwaɗi, ko da yake a siffa ta fi kama da ƙadangare. Tana da ƙafa huɗu da jela mai faɗi, da baki wanda in aka dube shi sai a ce murmushi take yi. Tsawonta yakan kai santimita 23 ko sama da haka kaɗan. A kowane gefe na kanta akwai geza uku masu laushi kamar gashin tsuntsu, waɗanda da su take shaƙar iska a cikin ruwa. Masana suna kiran ta Ambystoma mexicanum.

Idan ta samu kulawa takan yi shekara 10 zuwa 15 a raye. Abincinta ba shi da wuya, domin tana da sauran tsutsotsi sun wadatar da ita. Abin da ya fi ba masu kiwonta wahala shi ne zafin ruwa, wanda kan iya hallaka ta cikin ’yan kwanaki.

Inda ta samo son sanyi

Asalin mazauninta tafkuna biyu ne a kwarin da birnin Meziko yake, Sochimilko da Chalko. Duk da cewa ƙasar tana yankin duniya mai zafi, birnin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,240 daga bakin teku, kuma maɓuɓɓugai masu sanyi ne suke shayar da tafkunan. Saboda haka da wuya ruwan ya haura digiri 20 a ma’aunin Salshiyas. A cikin wannan sanyi jikin dabbar ya ginu, kuma kiwon da aka daɗe ana yi mata a gidaje bai sauya wannan ɗabi’a ba.

An janye ruwan Chalko tun tuni, Sochimilko kuwa saura ’yan magudanai a kudancin birnin. Ƙidayar masu bincike na Jami’ar Ƙasa ta Meziko ta nuna cewa a 1998 akwai aksolotil kusan 6,000 a kowace murabba’in kilomita, amma zuwa 2014 ba su kai 40 ba. Gurɓacewar ruwa na cikin dalilan, haka ma kifayen da aka zuba daga waje, ciki har da karfasa ’yar asalin Afirka, wadda ke cinye ƙwanta da ’ya’yanta. Waɗanda ake sayarwa a kasuwannin duniya a hannun mutane aka haife su, kuma tushen da yawa daga cikinsu yana komawa ga wani rukuni da aka kai birnin Paris a 1864. Farin jininta ya ƙaru a 2021, shekarar da aka saka ta a wasan kwamfuta na Minecraft, kuma Meziko ta buga hotonta a takardar kuɗi ta feso 50.

Abin da zafi ke yi mata

Ruwan da ya fi dacewa da ita shi ne mai digiri 16 zuwa 18. Tana jure 20 ba tare da damuwa ba. Daga nan ta fara takura, idan kuwa ruwan ya kai 24 ya zauna a haka na kwanaki, to rayuwarta na cikin haɗari.

Aksolotil ba ta da zafin jiki nata na kanta, na ruwan da take ciki take ɗauka. Idan ruwa ya ɗumama sai aikin jikinta ya ƙara sauri, buƙatarta ta iskar oksijin ta ƙaru. A daidai lokacin kuma iskar take raguwa, domin lita ɗaya ta ruwa mai digiri 15 tana riƙe kusan miligiram 10 na oksijin, mai digiri 30 kuwa kusan 7.5 kawai. Ga kuma amoniya, gubar da ke fitowa daga kashinta da ragowar abinci, wadda ƙarfinta ke ƙaruwa a ruwan ɗumi. Ƙwayoyin cuta su ma a ɗumi suke hayayyafa, ita kuwa fatarta sirara ce, ba ta da ɓawo irin na kifi da zai kāre ta.

Alamar farko yawanci ƙin cin abinci ce. Sai a ga gezar ta lanƙwaso gaba, bakin jelar ya naɗe, dabbar da aka sani da kwanciya a ƙasan tanki ta koma yawan tasowa sama tana haɗiyar iska. Idan abin ya yi nisa sai farar funfuna mai kama da auduga ta fito a geza ko a fata. Mai kiwo da ke jiran waɗannan alamu kafin ya ɗauki mataki ya riga ya makara, shi ya sa ma’aunin zafi da ke zaune a cikin ruwan yake gaba da kowane kayan ado. Ana duba shi da asuba da kuma la’asar, lokacin da ruwa ke kai ƙarshen ɗuminsa.

Hana zafi shiga

Kafin a yi maganar sanyaya ruwa sai an toshe hanyoyin da zafi ke shigowa. Ana ajiye tankin a ɗaki mafi sanyi a gidan, a ƙasa-ƙasa, nesa da taga da bangon da rana ke duka da kuma madafa. Fitilar tanki tana ƙara zafi, kuma dabbar ba ta da fatar ido, ba ta son haske, don haka kashe ta riba biyu ce. Famfon da ke aiki a cikin ruwa shi ma duk wutar da ya ci zafi take komawa. Babban tanki ya fi ƙarami jinkirin ɗumama, saboda haka duk da cewa lita 75 ake ɗauka a matsayin mafi ƙaranci ga dabba ɗaya, lita 100 ko fiye ta fi zama alheri a wuri mai zafi. Wasu kan liƙa farin soson da ake naɗe kayan lantarki da shi a baya da gefunan gilashin.

Fanka da ƙanƙara

Hanya mafi arha ita ce a cire murfin tanki a sa raga a madadinsa, domin dabbar takan yi tsalle ta faɗo, sannan a kafa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. Hikimar ita ce dai ta randa da tulu, wato ruwan da ke tashi a iska yana tafiya da zafi. Lita ɗaya da ta tashi tana kwashe zafin da ya isa ya sauke lita 100 da kusan digiri shida, da a ce babu wani zafin da ke shigowa. Tun da yana shigowa, abin da akan samu a aikace digiri biyu ne zuwa huɗu ƙasa da zafin ɗakin, kuma ya fi yawa idan iska busasshiya ce. A lokacin da iska ke ɗauke da laima, fanka ba ta tsinana abin kirki. Ruwan da ya ragu sai a cike shi da wanda aka cire wa sinadarin kulorin.

Gorar ruwa da aka daskarar a firiza ita ce dabarar da kowa ke fara tunawa, kuma ita ce ta fi yaudara. Lissafi ya nuna cewa gora mai lita ɗaya, daga daskarewarta har ta narke ta ɗumama, digiri ɗaya kacal take saukewa a tanki mai lita 100. A ƙaramin tanki kuwa takan sauke zafin da sauri, ta narke cikin ɗan lokaci, ruwan ya sake hawa. Wannan hawa da sauka yana wahalar da dabbar ƙwarai, har masu kiwo da suka daɗe kan ce ruwan da ya tsaya a 20 ya fi wanda ke kai da komo tsakanin 16 da 23. Wanda zai yi amfani da gora sai ya tanadi da yawa, ya riƙa sauya su kafin su gama narkewa, dare da rana. Aikin kwana biyu ne ko uku na tsananin zafi, ba wanda mai zuwa ofis ko kasuwa zai iya ɗorewa a kai wata da watanni ba. Ba a jefa tsurar ƙanƙara ta ruwan famfo a ciki, saboda kulorin.

Na’urar sanyaya ruwa

Abin da ke riƙe ruwa a ma’auni ɗaya shi ne na’urar da aka ƙera don wannan aiki. Tana aiki kamar firji: famfo yana tura ruwan tanki ya ratsa ta cikinta ya dawo da sanyi, tana kunna kanta tana kashewa bisa adadin da aka saita. Sau da yawa kuɗinta ya fi na tanki da dabbar a haɗe. Zafin da ta cire a ɗaki take zubar da shi, don haka idan aka kulle ta a cikin kabad sai ta riƙa shaƙar zafin kanta. Ana zaɓen girmanta bisa yawan ruwa da kuma tazarar da ke tsakanin zafin ɗaki da digiri 18, kuma a nan ne mutane kan yi kuskure, su sayi ƙarama don arha, ta yini tana gurnani ba ta kai ruwan inda ake so ba.

A Arewacin Najeriya da Nijar wannan tazara tana da faɗi. A Kano zafin rana a watan Afrilu yakan kai digiri 38 zuwa 40, ruwan tankin saman gida kuma da rana kamar an dafa shi. Ko fanka ta yi iya ƙoƙarinta a busasshiyar iskar bazara, ɗakin da ke kan 33 zai bar ruwa a wajen 29. Lokacin hunturu ne kaɗai yanayi ke kusantar abin da dabbar ke so, sai ko wurare masu tudu irin Jos. Saboda haka kiwonta a nan ya rataya ne kacokan a kan wutar da ba ta yankewa, ta sola da batura ko ta janareto, tsawon shekara goma ko fiye. Ɗaukewar wuta tana tsayar da na’urar tace ruwa ita ma, ga zafi ga guba a lokaci guda.

Idan abin ya ɓaci

Idan ruwa ya haura kuma babu hanyar sauke shi, ana ɗauke dabbar a hankali da ƙaramin mazubi, a mayar da ita cikin roba mai murfi da aka huda, mai ruwa marar kulorin. Ana saka robar a cikin kula tare da gorunan ƙanƙara a gefe, ba a cikin ruwan ba, ana sauya ruwan kowace rana da wani mai sanyi iri ɗaya. Ba a sauke zafin farat ɗaya, sai a hankali cikin sa’o’i. Wasu kan ajiye robar a firji mai digiri 5 zuwa 8, inda jikin dabbar ke lafawa ta daina cin abinci. Wannan mataki ne na marar lafiya da ake ɗauka da shawarar likitan dabbobi, kuma sai an fara auna firjin da ma’auni, domin ɓangaren da ke kusa da firiza yakan sauka ƙasa da abin da za ta iya ɗauka.