Dabbar da aka kama tana ɓarna: Abin da doka ta ce kan tsare ta da kula da ita

Da zarar ruwan shuka ya sauka a ƙasar Gumel, shelar da ake fara yi a ƙauyuka ita ce kowa ya ɗaure dabbarsa. Daga ranar har zuwa lokacin da za a kwashe amfanin gona, akuyar da ta tsinke igiya ko saniyar da ta ratse daga burtali tana iya kwana a hannun wanda ba mai ita ba. A Ƙaramar Hukumar Sule Tankarkar, ɗaya daga cikin huɗun da suka haɗu suka yi Masarautar Gumel tare da Gumel da Maigatari da Gagarawa, gonakin gero da dawa da wake da riɗi suna kafaɗa da kafaɗa da hanyoyin da garkuna ke bi tsakanin Nijar da Najeriya, da waɗanda ake kora dabbobi zuwa babbar kasuwar Maigatari mai ci ranar Alhamis.

Maganar ta shafi mutanen birni kai tsaye. Ɗan kasuwar da ya ba da shanunsa kiwo a ƙauye, da ma'aikacin da ya turke raguna don babbar Sallah, da falken da ya yi lodi daga kara, kowannensu yana iya wayar gari da labarin cewa an kama dabbarsa. Ƙa'idar da dokokin da suka shafi lamarin suka haɗu a kanta guda ce: kamun dabba ba ya raba ta da mai ita, kuma duk wanda ya tsare ta ya ɗauki nauyin cinta da shanta da lafiyarta har ranar da za ta bar hannunsa.

Wa ke da ikon tsarewa

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da mayanka, da ba da lasisin amalanke, da tsara yadda ake ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu. A kan wannan iko ne majalisun ƙananan hukumomi ke kafa dokokin cikin gida game da dabbobin da ke yawo sakaka, wato inda za a kai su, abin da za a biya kafin a karɓe su, da kwanakin da za a jira mai su. Kuɗin da wa'adin sun bambanta daga wata ƙaramar hukuma zuwa wata, don haka wanda abin ya shafa yana da damar neman a nuna masa rubutacciyar dokar da aka dogara da ita.

Sashe na 36(12) na Kundin ya hana a hukunta mutum kan laifin da ba a rubuta shi da hukuncinsa cikin doka ba, Sashe na 44 kuma ya kare dukiyar mutum daga ƙwace sai ta hanyar da doka ta tanada. Ke nan tarar da aka yanka da ka, ba doka ba rasit, ba ta da gindin zama. Diyyar ɓarna kuwa daban take da tara: haƙƙin manomi ce, ana cimma ta ta hanyar sulhu ko hukuncin alƙali.

A aikace, dabbar da aka kama a gona takan fara sauka ne a ƙofar mai unguwa ko dagaci, a kira mai ita ko ardo, a je a duba ɓarnar, a kimanta. In an kasa daidaitawa sai magana ta wuce wurin hakimi, ko 'yan sanda, ko kotu. Jihar Jigawa tana kuma da hukuma ta musamman mai sasanta manoma da makiyaya.

Abin da Final Kod ya haramta

Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda aka sani da Final Kod, an zartar da shi a 1959, ya fara aiki a 1960, Jigawa kuma, da aka ƙirƙiro ta a 1991, ta gaje shi daga tsohuwar Jihar Kano. Bisa lambobin kundin na asali, sassa uku ne suka yi magana kan zaluntar dabbobi.

Sashe na 207 ya haramta dukan rashin imani, azabtarwa ko cutar da dabbar gida da gangan, har da naman dajin da aka kama aka tsare. Ya kuma haramta shirya faɗan zakaru ko karon raguna. Hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 1, ko tara, ko duka biyun. Sashe na 208 ya shafi wanda ya yi wa dabba lodin da ya fi ƙarfinta, ko ya sa ta aiki alhali tsufa ko ciwo ko rauni ya hana ta, ko ya yi sakaci da ita har ta sha wahalar da babu dalilinta. Wannan gaɓa ta sakaci ita ce ta hau kan mai tsare dabba: wanda ya ɗaure saniya a rana ya hana ta ruwa da harawa don mai ita ya ji zafi ya biya da wuri ya shiga hurumin sashen, ko da kuwa gonarsa aka cinye. Sashe na 209 ya ba kotu ikon karɓe dabbar daga wanda aka samu da laifi ta danƙa wa wani na ɗan lokaci, ta sa mai laifin ya biya kuɗin ciyarwa da magani, ko ta ba da umarnin a kashe ta idan ciwon ba mai warkewa ba ne.

Ban da waɗannan, sassa na 329 da 330 sun ɗauki kashe dabbar wani, ko sa mata guba, ko nakasa ta a matsayin laifin ɓarnata dukiya, hukuncin kuma ya fi tsanani idan babbar dabba ce kamar raƙumi, doki, jaki ko saniya. Manomin da ya sare agarar sa saboda ya same shi cikin gero ya mai da kansa wanda ake tuhuma, bayan da farko shi ne mai ƙara.

A yawancin jihohin Kudu, inda fatake ke sauke lodi, Sashe na 495 na Kiriminal Kod ne ke aiki. Ya tanadi ɗaurin wata 6 ko tarar Naira 50 ko duka biyun, tarar da zamani ya riga ya cinye ƙimarta.

Matsayin fiƙihu

Tun shekarar 2000 Jigawa ke cikin jihohin da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, kotunan shari'a kuma suna bin mazhabar Malikiyya. Asalin hukuncin ɓarnar dabba a mazhabar yana komawa ga shari'ar taguwar Bara'u bin Azib da ta shiga wata gona, wadda Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa. A can aka ɗora wa masu gonaki tsaron gonakinsu da rana, masu dabbobi kuma aka ɗora musu biyan abin da dabbobinsu suka ɓata da dare. Malaman mazhabar sun yi wa sassaucin rana iyaka: idan akwai makiyayi tare da dabbobin ya yi sakaci, ko aka sake su dab da gonaki, biya ya wajaba ko da rana tsaka ce.

Game da ɓatacciyar dabba, an ruwaito a wannan littafi cewa Halifa Usman bin Affan ya ba da umarnin a yi cigiyar ɓatattun raƙuma, sannan a sayar da su, idan mai su ya bayyana a ba shi kuɗinsa. Matakan nan uku, cigiya da sayarwa da ajiye kuɗin, su ne ginshiƙin dokokin tsare dabbobi har yau. Dangane da ciyarwa kuwa, Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba.

Idan dabbar ta tsallaka iyaka

Arewa da ƙasar Gumel jihar Damagaram ce ta Nijar, dabbar da ta ɓace kuma ba ta san iyaka ba. Nijar ta rubuta ƙa'idojinta filla-filla cikin dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu, 2010. Dokar ta ɗauki wurin tsare dabbobi a matsayin aikin hukuma, ta ɗora wa hukumar da ke riƙe da wurin alhakin tsaro da abinci da lafiyar dabbobin. Ta hana a yi gwanjon manyan dabbobi kafin wata 3, ƙanana kuma kafin kwana 15. Ta kuma hana a ci gaba da tsare dabbar da ta yi ɓarna muddin mai ita ya amsa laifin a gaban hukuma. Don a ga bambancin, dokar hana kiwon sake ta Jihar Binuwai ta 2017 kwana 7 kacal ta ba mai dabba kafin gwanjo.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 kan ƙetara iyaka da garke ta wajabta takardar shaida mai nuna yawan dabbobi da rigakafin da aka yi musu da hanyar da za su bi, ta kuma yarda a tsare dabbobin da aka samu ba makiyayi. Sai dai Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar a Janairun 2025. A ɓangaren Najeriya, dokar daƙile cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, ta ba jami'an lafiyar dabbobi ikon duba dabbobin fatauci da killace waɗanda ake zargin suna ɗauke da cuta. Wannan killacewa kariya ce ga sauran garkuna, ba horo ba ce ga mai dabbar.

Abin da ya kamaci kowane ɓangare

Wanda ya kama dabba a gonarsa ya kira shaidu su ga ɓarnar tun sawu bai ɓace ba, ya kai dabbar ga mai unguwa ko dagaci a ranar, kada ya ɓoye ta a gidansa. Ba shi da ikon yanka ta, ko sayar da ita, ko yin huɗa da ita, ko tatsar nononta a madadin diyya.

Wanda aka danƙa wa tsaron ya rubuta ranar da aka kawo ta, kamanninta da shaidar da ke jikinta, sannan a yi cigiya a kasuwanni da masallatai. Ya tanadi ruwa da inuwa da abinci, ya ware mara lafiya daga sauran, kada ya raba mai shayarwa da ɗanta. Abin da ya kashe wajen ciyarwa yana da haƙƙin a mayar masa, gwargwadon abin da aka saba.

Mai dabba kuma ya hanzarta, domin kowace kwana tana ƙara masa kuɗi. Ya zo da shaidar mallaka, ko takardar ciniki ta kara, ko dillalin da aka yi cinikin a gabansa. Ya duba jikin dabbar a gaban shaidu kafin ya karɓa, ya nemi rasit na duk abin da ya biya. Idan ya same ta da rauni ko ramar da ba ta zo da ita ba, ko aka ce masa ta mutu, rahoton likitan dabbobi shi ne hujjar da zai riƙe zuwa gaban alƙali. Kotun da ke sauraron ƙarar manomi kan amfanin gonarsa ita ce kuma za ta saurari ƙarar mai dabba kan abin da aka yi wa dabbarsa a tsare.