Tarihin Ƙawata Kek

Ƙawata kek sana'a ce ta lulluɓe kek, ko ƙananan biskit da ake kira kukis, da haɗin sukari, a ba shi siffa da launi da rubutu daidai da bikin da aka yi shi dominsa, ko aure, ko suna, ko kammala karatu. Wanda ya bi sawun sana'ar zuwa tushe zai tarar adon ya girmi kek ɗin kansa. An shafe ɗaruruwan shekaru ana gina fadoji da itatuwa da dabbobi da sukari kafin a san kek mai taushi irin wanda ake yankawa yau. Saboda haka tarihin nan yana tafe ne da tarihin sukari: wa ke da shi, nawa ne kuɗinsa, kuma gumin wa ya samar da shi.

Sukari a fadar sarakuna

A Indiya aka fara ƙwarewa wajen dafa ruwan rake har ya daskare ya zama ƙwaya. Daga can ilimin ya shiga Farisa, sannan Larabawa suka kai noman rake Masar da Sisili da Andalus. Sunansa ma ta wannan hanya ya biyo, shi ya sa kalmar sukari ta Hausa da takwarorinta na harsunan Turai duk 'yan gida ɗaya ne da sukkar ta Larabci.

A Masar ta zamanin Faɗimiyawa aka mai da sukari abin kallo. Nasir Khusraw, marubucin Farisa da ya isa Alƙahira a 1047 zamanin Halifa al-Mustansir, ya rubuta cewa ya ga wata itaciya mai kama da ta lemo a wurin liyafar sarki, rassanta da ganyayenta duk sukari ne, ga kuma tarin siffofi na sukari kewaye da ita. Wannan al'ada ba ta mutu ba. Har gobe a Masar, idan watan Maulidi ya kama, ana sayar wa yara 'yar tsanar sukari da suke kira amaryar Maulidi, da doki da mahayinsa, kuma Misirawa suna danganta abin ga wancan zamani. A Istanbul kuwa, a 1582, Sarki Murad na Uku ya yi bikin kaciyar ɗansa Mehmed na sama da kwana 50, aka zaga da giwaye da zakuna da raƙuman dawa na sukari a gaban jama'a.

Turawa sun koya daga nan, musamman ta Benis, birnin da ke cinikin sukari da ƙasashen Musulmi. Masu alewarsu suna kwaɓa garin sukari da wani irin ƙaro da ake samu a tsaunukan Iran da Turkiyya, ya zama kamar yumɓu, a siffanta shi, ya bushe ya ƙandare. A 1574 da Sarkin Faransa Henri na Uku ya ziyarci Benis, an shirya masa teburin da farantai da wuƙaƙe da adikon goge hannu duk na sukari ne. Ba don ƙoshi ake wannan ba. Sarki yana nuna wa baƙi cewa abin da talaka ke lasa a matsayin magani, shi yana iya gina gida da shi, a kalla, a farfasa.

Kukis

Kukis ya bi tasa hanyar, kuma ta fi kusa da talaka. A biranen Nuremberg ta Jamus da Torun ta Poland, masu gashi sun yi suna da wani biskit na zuma da citta da kayan ƙamshi. Adonsa a jikin katako yake: gwanin sassaƙa zai fafe hoton doki ko zuciya ko tambarin gari a allo, a danna kwaɓin a ciki, hoton ya fito. Ana saya a kasuwannin bukukuwa a kai tsaraba. Sunan kukis daga kalmar mutanen Holan yake, ma'anarta ɗan ƙaramin kek, kuma su suka kai ta Amurka lokacin da birnin New York yake hannunsu. Littafin girki na Amelia Simmons na 1796 ya kawo yadda ake yin sa da wannan suna. A ƙarni na 19 abin yanka na kwano mai siffar tauraro ko fure ya maye gurbin allon katako, don ya fi araha.

Farin kek da abin da ke bayansa

Kek ɗin aure na Ingila ya fara ne a matsayin dunƙulen fulawa mai nauyi, cike da busasshen inabi da kayan ƙamshi. A 1769 wata mata a Manchester, Elizabeth Raffald, wadda ta yi shekaru tana kula da gidan masu hali, ta buga littafin da ya bayyana kek ɗin amarya mai rufi biyu: na ƙasa na niƙaƙƙen almon da sukari, na sama na farin ƙwai da sukari. A da, akan zuba wannan haɗi a kan kek a mayar da shi tanda ya bushe, ya fito yana ƙyalli kamar ƙanƙara, wadda a Turanci ake kira ais, daga nan sunan aisin ya samo asali. Aikin kuwa ba na malalaci ba ne. Sukari dunƙule yake zuwa, sai an daka an tankaɗe, ƙwai kuma da damin tsinke ake buga shi har hannu ya sage.

Tun da sukarin da aka fi tacewa shi ya fi fari kuma ya fi tsada, farin kek ya zama shaidar arziƙin gidan amarya. Idon baƙo na faɗawa a kai ya san abin da aka kashe.

A nan dole a tsaya, domin littattafan girki kan tsallake wannan wuri. Sukarin da ya sauko daga fada zuwa gidajen 'yan kasuwar Ingila, daga gonakin rake na Barbados da Jamaika yake fitowa, na Faransa kuma daga ƙasar da yau ake kira Haiti. Bayi 'yan Afirka ne ke noma shi, suna yanka, suna dafawa a cikin zafin da ke cin rai da wuri. Kimanin mutum miliyan 12 da rabi aka ɗora a jiragen cinikin bayi na Tekun Atlantika, kuma gonakin rake na Karebiyan da Brazil su suka haɗiye kaso mafi girma. A wajen 1700 mutumin Ingila yana shan kimanin kilo 2 na sukari a shekara, a 1800 ya kai kilo 8. Duk mai yaba farin kek na wancan zamani, ya kamata ya san jinin wa ke ƙarƙashinsa.

Carême da Sarauniya Victoria

Mutumin da ya ɗaga sana'ar zuwa darajar fasaha shi ne Marie-Antoine Carême, ɗan talakawan Paris da ya rasu a 1833. Yana yaron shago a wurin mai gashin kek Sylvain Bailly ya riƙa zuwa babban ɗakin karatu na ƙasa yana kwafar zanen gine-gine, ya dawo ya tayar da hasumiyoyi da kangayen Girka da Rum da sukari da kwaɓi. Ya yi wa ministan Faransa Talleyrand girki, da yariman Ingila mai riƙon sarauta, da attajiran gidan Rothschild, ya kuma buga littattafai biyu a kan sana'ar a 1815. Abin da ya bari mai ɗorewa shi ne tsari: a zana a takarda, a auna, a san inda nauyi zai zauna, sannan a taɓa fulawa. Duk mai yin kek mai hawa a yau da wannan darasi take aiki, ko ta taɓa jin sunansa ko ba ta taɓa ba.

Ranar 10 ga Fabrairu 1840 Sarauniya Victoria ta Ingila ta auri Yarima Albert. Kek ɗinsu ya kai kimanin kilo 136, kewayensa ƙafa 9, fari fat, da siffofin ango da amarya a sama. Jaridu suka buga zanensa, kowa ya so irinsa, kuma ana danganta sunan aisin na sarauta da wannan biki. Kek mai hawa-hawa ya biyo baya a bukukuwan 'ya'yanta: a na 1858 hawan sama ado ne kawai na sukari, sai a auren Yarima Leopold a 1882 kowane hawa ya zama kek na ci.

Abubuwa da dama suka haɗu suka sauko da kek ga kowa. An fara fitar da sukari daga wani tushe mai kama da gwaza da ke yi a ƙasar sanyi, Ingila ta soke harajin sukari a 1874, Alfred Bird ya haɗa bekin foda a Birmingham a 1843 saboda matarsa ba ta jure yis, aka kuma ƙera murhun ƙarfe da abin buga ƙwai mai juyawa. Kek ɗin zagayowar ranar haihuwa da kyandir, wanda Jamusawa suke yi tun ƙarni na 18, a wannan lokaci ya bazu.

Launi kuwa ya ci rayuka kafin a gyara shi. Masu alewa na ƙarni na 19 suna rina kayansu da sinadaran dalma da tagulla da arsenik, don su ne ke ba da ja da rawaya da kore masu ɗaukar ido, yara kuma su suka fi ci. Likita Arthur Hill Hassall ya fallasa haka a mujallar Lancet a shekarun 1850. Ingila ta yi dokar hana algus a abinci a 1860, Amurka ta yi tata a 1906.

Ƙarni na 20 zuwa yau

A 1929 Dewey McKinley Wilton ya buɗe makarantar koyar da adon kek a Chicago, wadda daga baya ta cika kasuwa da gwangwanaye da bakunan matsa aisin, ta mai da sana'ar abin da matar aure za ta koya a gida. A 1934 Joseph Lambeth ya buga littafin salon da ke ɗauke da sunansa, inda ake ɗora layin aisin a kan layi har ado ya taso kamar ɗinkin babbar riga. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse komai a Ingila: sukari ya yi ƙaranci, aka hana lulluɓe kek da shi, amare suka koma kifa farin kwali mai ado a kan ɗan ƙaramin kek don hoto. Ko a 1947, kek ɗin auren Gimbiya Elizabeth mai hawa 4 da tsawon ƙafa 9, da kayan haɗin da 'yan mata 'yan sikawut na Ostireliya suka aiko aka yi shi.

Ostireliya ce kuma ta yaɗa fondan a shekarun 1950, wato kwaɓin sukari da ake murzawa a shimfiɗa a kan kek kamar mayafi. Da shi kek ya iya zama mota, jaka, ko littafi buɗaɗɗe. A ɗanɗano bai kai aisin ɗin bota ba, kuma da yawa sukan ɓare shi su ture gefe, amma shi ya buɗe ƙofar kek na musamman ga kowane biki. Kukis ma ya sami sabon salo: a zagaye bakinsa da aisin mai kauri kamar ana yin kunya a gona, a cika tsakiya da mai ruwa, a bar shi ya kwana ya bushe, sannan a yi rubutu. Shirye-shiryen talabijin irin su Cake Boss na 2009 da Great British Bake Off na 2010, da Instagram da ya bayyana a 2010, sun sa mai biki yanzu da hoto a waya take zuwa, ta ce irin wannan take so, launinsa ya dace da anko.

A ƙasar Hausa

Bahaushe bai jira kek ba kafin ya san ƙawata kayan zaƙi. Alkaki da nakiya da dubulan su ne darajar gara, kuma wadda ta taɓa ganin yadda ake lanƙwasa dubulan da yatsu ta san fasaha ce. Kek baƙo ne da ya shigo zamanin Turawa, a Nijar ma da sunansa na Faransanci, gato, aka fi saninsa. Ya sami wurin zama a dina da walimar saukar Alƙur'ani da suna da bikin kammala makaranta, kuma mata da yawa a Kano da Kaduna da Zariya da shi suke riƙe kansu daga cikin gida, ciniki ta WhatsApp.

Mai sana'ar a nan tana da tambayoyin da takwararta ta Landan ba ta cika yi ba. Jelatin da ke cikin wani fondan na waje daga alade ake samunsa, wani ruwan banila kuma da barasa ake haɗa shi, don haka sai ta karanta jikin kwalba kafin ta saya. Wasu masu saye ba sa son siffar mai rai a kan kek, sai a yi musu furanni da zane da rubutun suna. Ga zafi: a watan Afrilu, da rana ta haura digiri 40, aisin ɗin bota yakan narke tun kafin Keke Napep ta kai ƙofar gidan biki, shi ya sa ake kai kek da sassafe ko bayan la'asar. Wadda ba ta da obin, ko wuta ta ɗauke mata, sai ta zuba yashi a babbar tukunya, ta ɗora a gawayi, ta jera gwangwanaye a ciki, ta rufe ta sa garwashi a kan murfi.