Filayen yaƙin basasar Amurka: abin da alluna ke faɗi da abin da suke rufewa

 Yau tarihi zai kai mu nesa, ƙasar Amurka, wuraren da anka gwabza yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, wanda littattafan faransanci ke kira guerre de Sécession. Bayan zaɓen Abraham Lincoln, jihohi 11 na kudu sunka ɓalle, sunka ce sun kafa tasu ƙasa. Tushen rigimar bauta ce. Ƙidayar 1860 ta samu bayi kusan miliyon 4 a ƙasar, kuma jihar da ta fara ɓallewa, Karolina ta Kudu, ta rubuta a takardarta ƙarara cewa batun bayi ne ya fid da ita. Kafin ƙura ta lafa, sojan da sunka mutu sun kai aƙalla dubu 620.

Yau filayen nan sun zama wuraren ziyara. Ana yanke ciyawa, an jera tsofaffin igwa, an kakkafa alluna na ƙarfe da duwatsun tunawa da mutum-mutumi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to amma a irin wanga wuri gani ma yana son lura. Kowane allo yana ɗauke da shekara biyu: shekarar da anka yi yaƙin, da shekarar da anka kafa allon. Ta farko a rubuce take da manyan baƙaƙe. Ta biyu sai ka duƙa ka nema, kuma sau da yawa ita ke gaya maka dan mi anka yabi wane anka manta da wane. Allo kamar maroƙi yake, wanda ya biya shi yake wasawa.

Mu fara daga inda anka fara, bakin teku, birnin Charleston. A tsakiyar ruwa akwai sansanin soja mai ganuwar birki da ake kira Fort Sumter, ba a isa gare shi sai da jirgin ruwa, tafiyar kamar rabin awa. Da asubahin 12 ga Afrilu 1861 'yan kudu sunka buɗe mishi wuta, awa 34 ana ruwan harsashin igwa, har kumandan Robert Anderson ya miƙa wuya. Abin mamaki, cikin duk wagga wuta ba a kashe kowa ba. Sojan farko da ya mutu, wajen harbin girmama tuta ne ranar fita, albarushi ya tashi da shi. Shekara huɗu cif bayan haka, 14 ga Afrilu 1865, Anderson ya dawo ya ɗaga tutar nan dai da ya sauke. A daren ranar ne anka harbi Lincoln a gidan wasan kwaikwayo a Washinton. Duk wannan mai ziyara zai ji shi daga bakin ma'aikatan wurin.

Daga kan ganuwar, in ka dubi arewa maso gabas, ga tsibirin Sullivan. Can ake tsare wasu daga cikin 'yan Afirka da jirage ke saukewa, a ga ko suna da ciwo, kafin a kai su kasuwa. Masana na ƙiyasin cewa cikin duk bayi goma da anka kawo Amurka ta Arewa daga Afirka, wajen huɗu ta Charleston sunka shigo. Shekara da shekaru maziyarta na zuwa tsibirin kallon igwa, babu abin da ke tuna musu da waɗanga mutane. Sai a 1999 anka kafa allo. A 2008 ƙungiyar masu karatun marubuciya Toni Morrison ta aje benci guda na baƙin ƙarfe yana fuskantar ruwa, don mai wucewa ya zauna ya tuna. Gidan tarihin baƙaƙen fata da ke bakin tashar da ake sauke bayi kuwa, sai 2023 anka buɗe shi. Ku lissafa da kanku shekara nawa ke nan bayan ƙarewar yaƙi.

In ka juya kudu kuma, ga tsibirin Morris. Nan Fort Wagner yake a da, ganuwar yashi da ƙasa. Da magaribar 18 ga Yuli 1863, rundunar Massachusetts ta 54, sojoji baƙaƙe wajen 600 a ƙarƙashin wani matashin kolonel Bature, Robert Gould Shaw, sunka tunkari ganuwar ta wata siririyar hanya tsakanin teku da fadama. Fiye da mutum 250 sunka faɗi, wasu matattu, wasu da rauni, wasu anka kama. Shaw ya mutu a kan ganuwar. 'Yan kudu sunka jefa gawarsa rami guda da sojojinsa da nufin wulaƙanci, mahaifinsa ya ce a bar shi nan, ba shi da makwancin da ya fi wannan. Yau in ka je ba ka ganin ganuwa, ba ka ganin kabari, teku ta cinye wurin. Abin tunawarsu yana can arewa a Boston, an ƙaddamar da shi a 1897. A jikinsa an sassaƙa sunayen hafsoshi Turawa da sunka mutu. Sunayen baƙaƙen sojan da sunka kwanta dama tare da su, sai a farkon shekarun 1980 anka ƙara.

Yanzu mu bar bakin teku mu hau arewa, jihar Maryland, bakin wani ɗan rafi mai suna Antietam. Gonakin masara ne da tudu-tudu, shiru kamar ba a taɓa komi ba. Nan ne ranar 17 ga Satumba 1862, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, mutum wajen dubu 23 sunka mutu ko sunka ji rauni ko sunka ɓace. Amurka ba ta taɓa zubar da jini a yini guda kamar ranar ba. Akwai wata hanyar amalanke da ta zurma ƙasa, wadda gawa ta cika ta, har yau ana bin ta da ƙafa. A wurare shida za ka ga bakin igwa an kifa shi cikin dutse, alamar nan wani janar ya mutu ko ya samu raunin ajali, uku na arewa, uku na kudu. Kwana biyar bayan wanga yaƙi Lincoln ya ba da sanarwar cewa daga 1 ga Janairu 1863 bayin da ke jihohin tawaye 'yantattu ne. Wagga sanarwa ce ta buɗe ƙofar ɗaukar baƙaƙe aikin soja, har yawansu ya kai wajen dubu 180.

Tafiyar kamar awa guda a mota daga nan sai Gettysburg, jihar Pensilvaniya, uwar filayen duka. Kwana uku anka yi, 1 zuwa 3 ga Yuli 1863, hasarar ɓangarorin biyu ta kai wajen dubu 50. Ranar ƙarshe janar Robert Lee ya tura mutum wajen dubu 12 su ratsa fili fetal na fiye da kilomita guda, igwa da bindiga na jiran su bayan wata gajeriyar katangar dutse. Kusan rabinsu ba su koma lafiya ba. Alluna da duwatsun tunawa a filin sun haura 1,300, kuma a nan karatun shekara ta biyu ke da daɗi. Mafi yawan na arewa tsofaffin sojan ne da kansu sunka kafa a shekarun 1880, kowace runduna a daidai inda ta tsaya, da adadin matattunta. Manyan na jihohin kudu daga baya sunka zo. Na Virginia, mai Lee bisa doki, 1917 ne. Na Mississippi sai 1973, bayan gwagwarmayar su Martin Luther King. Rubutun da ke jikinsu jarumta ce da kishin gida, ba ka tarar da kalmar bawa. Alhali a wagga tafiya rundunar Lee ta kama baƙaƙen Pensilvaniya, har da waɗanda anka haifa da 'yancinsu, ta kora su kudu.

Yaya anka yi haka ta faru? A 1913 anka yi bikin cika shekara 50 a filin. Tsofaffin soja fiye da dubu 50 sunka taru, na arewa da na kudu, sunka yi musabaha ta kan katangar nan. Shugaba Woodrow Wilson ya yi jawabin sulhu, bai ambaci bauta ba, kuma a shekarar ce gwamnatinsa ke raba baƙaƙe da Turawa a ma'aikatun hukuma. Turawan arewa da na kudu sun shirya tsakaninsu, sharaɗin shirin kuwa a daina tada maganar abin da ya haddasa faɗan. Cikin waɗanga shekaru, daga wajen 1900 zuwa 1920, anka fi kafa mutum-mutumin sojan kudu a gaban kotuna da dandalin garuruwa, yawanci da kuɗin ƙungiyar 'ya'ya mata na tsofaffin 'yan tawaye da anka kafa a 1894. Lokacin ne kuma ake hana baƙaƙe jefa ƙuri'a a jihohin kudu.

Wuri na ƙarshe yana yamma, jihar Tennessee, bisa wani tudu kusa da kogin Mississippi: Fort Pillow. Ranar 12 ga Afrilu 1864 dakarun janar Nathan Bedford Forrest sunka ci sansanin. Masu tsaron wurin wajen 600 ne, kusan rabi baƙaƙe. An kashe fiye da 200, mafi yawansu baƙaƙe, da dama bayan sun aje makami. Shi Forrest, kafin yaƙi dillalin bayi ne a birnin Memphis, bayan yaƙi kuma ya zama shugaban farko na ƙungiyar Ku Klux Klan. Duk da haka a 1905 Memphis ta kafa mishi mutum-mutumi bisa doki. A 1955 anka sa allo kusa da inda gidansa yake, allon ya ce harkokin kasuwanci ne sunka arzuta shi, bai faɗi mi yake sayarwa ba. Sai a 2018 wata coci da ɗaliban wata jami'a ta garin sunka kafa allo na biyu a unguwar, wanda ya faɗi gaskiya: nan kasuwar bayinsa take, mutane yake sayarwa, maza da mata da yara.

Kada ku ɗauka maganar duwatsu ce kawai. A watan Yuni 2015 wani saurayi da ke ɗaukar hoto da tutar 'yan tawaye ya shiga wata tsohuwar cocin baƙaƙe a Charleston ya kashe mutum 9 suna karatun littafinsu. Kafin wata guda ya cika anka sauke tutar daga harabar majalisar jihar. A Agusta 2017 rigima kan mutum-mutumin Lee a garin Charlottesville ta ci ran wata mata. A Disamba na shekarar anka tumɓuke na Forrest a Memphis, a 2021 anka sauke babban na Lee a Richmond, wanda ke tsaye tun 1890. Wasu na cewa share tarihi ake yi, wasu na cewa ai daman allon ne ya fara sharewa. Har gobe ba su gama wagga muhawara ba.

To, mu mi ya haɗa mu da wanga yaƙi? Akwai ɗan yankinmu a ciki. Sunansa Muhammad Ali ben Said, wanda Turawa sunka sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Borno wajen 1836. Yana yaro mahara sunka kama shi, anka ƙetare Sahara da shi zuwa Turabulus, daga nan Santambul, daga nan Rasha, inda ya yi wa wani basarake hidima ya zaga Turai da shi. Ya isa Amurka a 1860, ya yi koyarwa a Detroit, a 1863 ya shiga rundunar Massachusetts ta 55, ƙanwar ta 54 da munka ambata. An kai rundunar tsibirin Folly, maƙwabcin Morris, makonni kaɗan bayan faɗan Fort Wagner. A wanga tsibiri ne a 1987 masu gini sunka tono ƙasusuwan baƙaƙen soja 19 da babu ko alama bisa kaburburansu, wasunsu 'yan rundunarsa, anka sake yi musu sutura a maƙabartar soja a 1989.

Shi Said ya tsira da ransa, ya zauna kudu yana koyar da 'yantattun bayi. A 1873 ya buga littafin tarihin rayuwarsa, kuma a Memphis anka buga shi, garin da Forrest ke zaune a lokacin. Ya ba da labarin Borno, da hamada, da fadojin Turai, amma ko a layi guda bai ce ya taɓa sa kakin sojan arewa ba. Baƙin mutum mai yawo ƙauyukan kudu da littafi a hannu, a zamanin Ku Klux Klan, ya san abin da faɗin haka zai jawo mishi. Takardun rundunar ne sunka riƙe sunansa har masana sunka gano.

Saboda haka, ɗan uwa, in Allah Ya kai ka ɗaya daga waɗanga wurare, ko kana kallon hotunansu a salula, karanta allon har ƙasa, inda anka rubuta wanda ya kafa shi da shekarar. Sannan ka tambayi ma'aikacin wurin su wa sunka mutu nan da ba a rubuta sunansu ba. A Charleston ka ce a nuna maka tsibirin Folly, ɗan Kukawa ya yi gadi a can.

Mu kwana nan. Allah Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, Ya tsare mu da yaƙin gida.