Bindigar toka

Bindigar toka, wadda ake kuma kira adaka ko harbi-ka-ruga, doguwar bindiga ce da ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma harbi ɗaya take yi kafin a sake ɗura ta. Ita ce bindigar da maharba, bayin sarakuna da 'yan sintirin ƙauyuka suka fi riƙewa a ƙasar Hausa. Abin da ya raba ta da bindigar zamani shi ne ba ta cin harsashi mai kwanso. Albarushinta daban yake, dalma daban, abin kunna wuta daban, mai harbi ne ke haɗa su da hannunsa. Wannan ne ya sa ta daɗe a hannun talaka, kuma shi ne babban rauninta.

Asalin suna

Kalmomin bindiga, albarushi da harsashi duk daga Larabci Hausa ta aro su. Sunan harbi-ka-ruga ya fito daga halin bindigar: idan maharbi ya kuskure, ba shi da lokacin sake ɗuri, sai gudu. Turawan Ingila suna kiranta Dane gun, saboda fataken ƙasar Denmark da suka yi cinikinta a gaɓar tekun Ghana ta yau, har zuwa 1850 lokacin da suka sayar wa Ingila da sansanoninsu.

Tarihi

A ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Borno ya kafa rundunar masu bindiga da taimakon Turkawa. Littafin Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nupe a zamanin Sarki Kumbari (1731–1743), ya kuma ce Babba Zaki (1768–1776) ne sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Duk da haka doki, mashi da baka su ne ƙarfin yaƙi har bayan jihadin 1804. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 bindiga ta yawaita a masarautun Daular Sakkwato, akasari a hannun bayin sarki.

Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar da bindigogin zamani a mafi yawan Afirka, amma ta bar cinikin bindiga mai dutsen ƙyastu da albarushinta. An ga sakamakon wannan a Kwatarkwashi, cikin ƙaramar hukumar Bungudu ta yanzu, a ƙarshen Fabrairu 1903. Wata 'yar ƙaramar rundunar Ingila mai bindigogi masu cin harsashi ta tare dubban mayaƙan Kano, aka kashe Waziri Ahmadu, wanda ake tunawa da shi da laƙabin Mai Shahada.

Yadda take aiki

Bindigar tana da bututun ƙarfe, ƙotar itace da kunama. Tsohon samfuri yana da dutsen ƙyastu da ke bugun ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan albarushi. Bayan da Alexander Forsyth ɗan Scotland ya yi rajistar sinadarin da ke kamawa da bugu a 1807, aka fito da wata 'yar hular tagulla da ake ɗorawa a gindin bututu, kunama ta buge ta wuta ta tashi. Maƙeran baƙi, wato masu aikin baƙin ƙarfe, sun koyi gyaran samfuran biyu, daga baya suka riƙa ƙera su.

Bindigar ba ta cin dogon zango, kuma ɗurinta yana ɗaukar lokaci. Da damina albarushi yakan yi sanyi ya ƙi tashi. Hatsarin da ya fi muni shi ne fashewar bututu, idan ƙarfen ba shi da ƙwari ko ɗuri ya yi yawa, abin da kan raba mutum da yatsu ko ido.

Bambancinta da harsashin zamani

Harsashin zamani ya tattara komai wuri guda: kwanson tagulla, albarushi a ciki, dalma a baki, hular kunna wuta a gindi. Hular iri biyu ce, dukkansu daga shekarun 1860. Ta Edward Boxer ɗan Ingila tana da ƙofar wuta ɗaya a tsakiyar gindin kwanso, ta Hiram Berdan ɗan Amurka kuwa ƙofofinta a gefe suke. A yau Amurka ce ta fi amfani da samfurin Boxer, yayin da na Berdan ya bazu a Turai da Rasha.

A ƙasashe irin su Amurka doka ta yarda mutum ya sake cika kwanson da aka harba, kuma samfurin Boxer ya fi sauƙin wannan aiki. Kwanson soja yana da ƙarin wahala, domin masana'anta tana matse bakin ramin hular don kada ta fice a bindiga mai sarrafa kanta. Masu wannan sha'awa suna zaɓa tsakanin kayan aiki biyu. Ɗaya yana kankare matsin, yana da araha, amma idan aka zarce ramin yakan yi faɗi kwanson ya lalace. Ɗayan yana danne tagullar ta koma mazauninta ba tare da yanka ba, ya fi tsada, ya fi dacewa da kwanso mai yawa. Duk da haka hula da albarushin daga masana'anta suke fitowa. A Nijeriya, hukumar DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 ce ke ƙera harsashi domin jami'an tsaro.

Matsayinta a doka

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Makaman yaƙi sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigogin kai, irin na farauta masu cin harsashi, sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigogin da ake ɗurawa ta baki, ciki har da ta toka, suna ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izini ba laifi ne mai hukuncin ɗauri. A 2021 gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar hana bazuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro.

A Zamfara

A ƙauyukan Gusau, Tsafe da Bungudu, inda Furfuri da Kwatarkwashi suke, an san bindigar toka da farautar rani, korar namun daji daga gona da bugun murna a hawan Sallah da naɗin sarauta. Shugaban maharba shi ne Sarkin Baka, sarautar da sunanta ya girmi bindiga.

Rikicin satar shanu da garkuwa da mutane ya sauya wannan matsayi. 'Yan sa-kai sun ɗauki bindigar toka don tsaron garuruwansu, alhali maharan suna riƙe da AK-47 mai cin harsashi 30 a ɗuri ɗaya. An kuma zargi wasu 'yan sa-kai da kisa ba bisa shari'a ba, abin da ya ƙara rura wutar ramuwar gayya. A Yuni 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta nemi jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga don kare kansu, amma hukumomin tsaro na tarayya ba su amince ba. A Janairu 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da rundunar Askarawan Zamfara. Ita kanta kalmar 'yan bindiga, wadda a dā take nufin bayin sarki masu buga adaka a gaban ayarin hawa, yanzu a kafofin labarai 'yan fashin daji take nufi.